Lambun Ungozoma a Bayan Asibiti

Da ungozomar unguwa ta rasu, mutane suka rasa inda za su sa kansu. Rabin 'yan layin a hannunta suka faɗo duniya. Bakaniken bakin titi, wanda ita ta karɓi haihuwar duk 'ya'yansa, shi ya fara cewa a gina mata ginshiƙin siminti a filin bayan ƙaramin asibiti, inda ake jibge tsofaffin tayoyi da fasassun bokitai.

Autarta, malamar firamare, ta girgiza kai. "Kawu, Inna ba ta son siminti. Kullum ƙorafinta tun da aka share dajin nan aka yi gidaje ta daina jin ƙugin ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi ma sai dai a hoto. Mu shuka mata abin da ƙasar nan ta saba fitarwa da kanta."

"Wato ciyawa," in ji bakanike. "Baiwar Allah ta yi wa jama'a aiki har bayanta ya lanƙwashe, mu saka mata da ciyawa?"

"Kai ma ai ba a tukunyar fulawa ka tsiro ba," in ji telan layin, aka kwashe da dariya. Da haka magana ta zauna.

Suka kwashe shara, suka sassauta ƙasa. Auta da matan layin suka riƙa fita bayan gari suna tsinto irin tafasa da rai-ɗore da ɗoɗɗoya, suka haƙo 'ya'yan kalgo da saiwar yaɗiya. Tela ya roƙi kusurwa ɗaya don matarsa da ta rasu bara. Daga nan duk mai wani a ƙasa ya zo ya nemi ɗan gefe. Bakanike kuwa yana mita yana kawo ruwa a duro, bai taɓa fashi ba.

Tsirrai sun kai gwiwa, wasu sun fara ƙunshe fure, sai wata safiya Auta ta jiyo ƙarar inji. Kafin ta iso, sabon mai yankan ciyawa da asibitin ya ɗauka ya aske wurin ƙwal. Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ko'ina. Ta durƙusa ta fashe da kukan da ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba.

Bakanike ya iso da sifana a hannu. "Wa ya aike ka? Makaho ne kai? Ba ka san lambun uwarmu ba ne?"

Mutumin, dattijo ne mai furfura, ya kashe injin. "Cewa aka yi in share ciyawar haraba. Wallahi ba wanda ya faɗa mini." Da tela ya yi masa bayani, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Washegari ya dawo da turaku da waya, ya kewaye filin shi kaɗai. Auta ba ta ko leƙa ba, zuciyarta ta karye. Sai da aka yi ruwa mai ƙarfi tela ya buga mata ƙofa. "'Yata, fito ki gani." Kowane kututture ya tofo, inda dā reshe ɗaya ne yanzu sun yi cunkus. Kafin damina ta ja baya wurin ya zama ruwan ɗorawa da fari, zuma na ta kai da komo, masu ciki da suka zo awo suna zama a benci suna kallo.

Wata yamma dattijon ya tsaya bakin waya yana murza hularsa. "Malama, ina da ƙane da ya rasu a wurin neman abinci, ko kabarinsa ban gani ba. Ko akwai sauran wuri?"

"Akwai, Baba. Wane irin fure yake so?"

"Ban sani ba. Shi dai mutum ne mai surutu, ba ya barin kowa ya huta."

Auta ta yi murmushi. "To ɗoɗɗoya za ka dasa masa. Ita zuma suka fi cika wa kunne."

Ya yi dariya har da hawaye, ya naɗe hannun riga, ya karɓi fartanya.