A'a Ɗin da Akwati Ya Cinye

Ina bin ɗana Auta bashin a'a guda ɗaya, kuma ba zan yafe ba.

Shi ya haɗa wa dillalin gidaje manhajar ofishinsa. Da yayyen Auta suka matsa a sayar da gidan da nake ciki, suka kai ni wurin dillalin, wai in ji farashi kawai. Dillalin ya juyo min kwamfuta. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allon da maɓalli biyu.

"Mama, nan eh, nan a'a," in ji shi.

Ni ban yi boko ba, kuma ban yarda da yatsan dillali ba. Na ce a rufe akwatin sai na yi shawara. Ya danna kusurwarsa ya ɓace, ya rako ni har ƙofa yana murmushi.

Da Auta ya zo gaishe ni, na ba shi labari. Sai ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Inna, rufewa ya yi?"

"Da bakina na sa shi."

"Akwatin nan in an rufe shi, abin da ke ciki yake miƙawa. Eh na sa a ciki tun farko."

"Kai ɗan nema, wa ya sa ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Dillalin ne, wai don sauri."

"To je ka karɓo min a'a ɗina."

Ya fita, har yau bai dawo ba. Tun safe kuwa wasu mutum biyu ke auna katangata, ko sallama ba su yi ba.