Taragon Ƙarshe

Faruk kafinta ne, shagonsa yana bakin titi a Unguwar Dosa, inda yake haɗa gadaje da kujerun amare. Shi da matarsa Saratu 'ya'ya biyu Allah ya ba su, kuma rana ɗaya suka zo duniya, Hassana da Husaina. Suna aji biyu a firamare lokacin da ya kai su yawon Sallah a Lambun Annashuwa, wani wurin wasan yara da wani attajiri ya buɗe a Malali.

Abin da ya fi jan yara a lambun shi ne ɗan jirgin ƙasa mai fentin ja da rawaya, wanda yake zagaya wurin a kan siririn dogo, ya bi ta gefen tafki ya dawo. Ranar layi ya yi tsawo sosai. Da aka zo kansu, mai shigar da yara ya cusa Husaina a taragon tsakiya, ya ce ya cika, ya tura Hassana na ƙarshe. Wannan taragon ko fenti ba shi da shi. Sai daga baya aka ji cewa don cinkoson Sallah aka ƙara shi.

"Baba, ka ɗauke mu a waya, mu nuna wa Umma!" in ji Hassana, tana leƙowa da sabon lallenta.

Faruk ya ɗaga waya yana bin su da ita. Jirgi ya tashi, yara suna ta ihun murna. Yana kaiwa kwanar tafki sai taragon ƙarshe ya tsinke, ya sauka daga kan dogo, ya kife cikin magudanar siminti. Faruk bai san lokacin da ya tsallake shinge ba. Yara da yawa sun ji ciwo. Hassana kuwa kanta ne ya bugi bakin magudanar. A kan cinyarsa ta cika, cikin Keke Napep, kafin su kai asibiti. Kafin magariba aka kai ta makwancinta.

Washegari gwamnatin jiha ta sa aka garƙame lambun, aka kafa kwamitin bincike. Direban jirgin, wani dattijo Bakatsine mai suna Inuwa, tun a ranar da abin ya faru 'yan sanda suka tafi da shi. Kullum da safe rediyo sai maganar ake yi. Ƙaramar hukuma ta ce ba ita ke da alhakin duba jirgin ba, ma'aikatar jiha ta ce ai ƙaramar hukuma ce ta ba lambun izini. Maƙwabtan shagon Faruk suna saurare, da sun hango shi tafe sai su kashe.

Gida ya yi tsit. 'Yan biyun a kwano ɗaya suke cin abinci tun suna rarrafe, to yanzu in aka zuba wa Husaina sai ta ci gefenta kawai, ta ture kwanon ta tashi. Saratu ta daina yi mata magana a kan haka. Ita kanta ba wani ci take yi ba.

Wata rana da hantsi ta tare Faruk zai fita.

"Baban 'yan biyu, ina wayar nan?"

"Tana shago."

"Ina so in ga ɗiyata."

"Ba abin gani ba ne, Saratu. Ban kashe wayar ba lokacin da abin ya faru. Komai yana ciki."

"Kai ka gan ta ranar tana dariya. Ni ina kicin suka fita, ko juyowa ban yi sosai ba."

Ya sa takalmi ya fita. Wayar tana cikin durowa a shago, ƙarƙashin ƙusoshi da takardar goge katako. Tun ranar bai kunna ta ba, wata 'yar ƙarama ya saya yake amsa kira.

Bayan sadakar arba'in sai ga mai unguwa da baƙuwa, wata mata mai tabarau da ya ce sunanta Injiniya Zulaiha, ita ce shugabar kwamitin da gwamnati ta kafa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ta yi ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malam Faruk, masu lambun sun ce direba ne ya yi gudu. Taragon kuma kafin mu isa an kwance shi an gyara wurin. Mutane da dama sun ɗauki tashin jirgin, amma an ce mana kai ne ka bi shi har kwana. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne."

"Ranki ya daɗe, in an kalla, me zai canza?"

"A wurinka, babu. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai mutum a tsare, kuma akwai irin wannan jirgin a wasu wuraren."

Faruk ya ce zai yi shawara. Sai muryar Saratu ta fito daga bayan labule.

"Ka ba su. Amma ranar da za a kunna, da ni za a je."

A wani ɗakin taro a unguwar Doka aka yi zaman. Faruk da Saratu suka zauna a layin baya tare da iyayen yaran da suka ji rauni. Aka shigo da Inuwa, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Wakilin ƙaramar hukuma ya tashi ya ce su izinin buɗe wurin sana'a kawai suka bayar, ba su da injiniya ko ɗaya, kuma duk lokacin da ma'aikatansu suka je, a bakin ƙofa ake sallamarsu. Wakilin masu duba ababen hawa na jiha ya ce dokarsu ta tsaya ne a kan abin da ke bin titin gwamnati, shi kuwa jirgin nan a cikin filin mutum yake yawo. Lauyan lambun ya ce laifin direba ne. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira azahar. Abin da Faruk ya fahimta a ciki shi ne, tun da aka sauke jirgin daga mota aka ɗora shi a kan dogo, babu wani ma'aikacin hukuma da ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinsa.

Bayan salla aka rage fitilu, aka haska hoton a bango. Ga Hassana nan, girmanta ya cika bangon, tana ɗaga hannu.

"Baba, kana gani na? Ka ce wa Umma ni ce a ƙarshe!"

Saratu ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Wata mata ta kamo hannunta ta zaunar da ita.

Injiniya Zulaiha ta ce a tsayar, a koma baya. Tana so a ga mahaɗin taragon. Aka koma, aka matso da hoton. Ba ƙarfen haɗi ba ne a wurin, sarƙa ce irin ta ɗaure ƙofar shago, an naɗe ta da waya. Aka sake komawa don a auna gudun jirgin, aka ga tafiyarsa ta kullum yake yi. Duk komawar da aka yi sai Hassana ta sake ɗaga hannu, ta sake kiran Umma. Faruk ya kafe idonsa a kan takalminsa. Saratu kuwa ba ta ko ƙifta ba. Kafin a kai wurin faɗuwar, Injiniya ta ce ya isa haka, sauran za su kalla su kaɗai. A gaba can, Inuwa ya rufe fuska da hularsa.

Rahoton kwamitin ya wanke direba, aka sake shi. Gwamnatin jiha ta sanar cewa daga yanzu duk abin hawan da ke ɗaukar mutane a wuraren wasa ya koma ƙarƙashin kulawarta, ba zai motsa ba sai injiniyoyinta sun duba. Ƙaramar hukuma ta yi ƙorafin an ƙwace mata iko, aka yi kwanaki ana wannan a rediyo, sannan aka koma wata maganar. Mai lambun an gurfanar da shi a kotu. Faruk ya je zaman farko da na biyu, duk aka ɗage, daga nan bai ƙara zuwa ba. Kafin shekara ta zagayo an buɗe lambun da sabon jirgi.

A cikin satin ne Inuwa ya yi sallama a ƙofar shago, da 'yar jakarsa a hannu. Faruk ya ajiye zarto, ya share masa benci.

"Gida zan koma," in ji Inuwa. "Masu lambun sun aiko in dawo aiki. Na je har bakin ƙofa, na ji hayaniyar yara, ƙafata ta ƙi shiga."

"Allah ya sa haka ya fi alheri, Baba."

"Abu ɗaya nake roƙo. Ina tsare aka yi jana'iza. Ka nuna mini inda take."

Faruk ya rufe shago, ya goya shi a babur zuwa maƙabarta. Damina ta wuce ta kan kabarin, ƙasar ta lafa, ciyawa ta fito a gefe. Inuwa ya durƙusa yana cire ciyawar da hannu, Faruk ya durƙusa ya taya shi. Da suka gama suka ɗaga hannu, dattijon ya daɗe yana addu'a.

Daga nan Faruk ya kai shi tashar Kawo. Motar Katsina ba ta cika ba, sai ya tsaya tare da shi a inuwar wata rumfa har kwandasta ya kira fasinjoji su shiga.