Wutar Batir a Bayan Saïdou

Kaltoumi na shigowa gida daga kasuwar Nkembo ta ji kabbara a ɗakinta. Ta yar da kwandon albasa, ta banka ƙofa.

Mijinta Saïdou na kwance rub da ciki a tabarma, ba riga. Wata bakwai ke nan da taksinsa ta kife, laka ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ko allura ba ya ji. Wansa Bouba, mai wayarin mota a unguwar Akébé, ya durƙusa a kansa da batir da wayoyi biyu, ya manna masa ƙarafa a gadon baya.

"Zo ki ga ikon Allah!" in ji Bouba. Ya haɗa waya, ƙafar Saïdou ta yi tsalle ta doki bango.

A asibiti Bouba ya ga abin. Wata ma'aikaciya ta liƙa wa Saïdou 'yar na'ura, ta ce wuta kaɗan tana zaburar da laka, jini ya gudana a jijiyoyi. Shi kuwa Bouba, uban 'yan sani, ya ce ai wuta sana'arsa ce, tasu ta yi rowa.

Kaltoumi ta leƙa. Wayyo! Fata ta saluɓe wuri biyu, nama ya yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun kumbura sun fashe, jini na bin haƙarƙari.

"Yaya, cire! Kashe shi za ka yi!"

"Ke matsa can. Ya ce maki da zafi?"

Ta cafki wayar. Ya kwaɗa mata mari har ta bugi kwano, leɓenta ya tsage. Ya juya zai ƙara wuta. Wallahi ba ta san lokacin da ta rarumo taɓarya ba. Ta sauke masa a tsintsiyar hannu, ƙashi ya ce ƙas. Ya ƙwala ihu. Ta ƙara masa a kafaɗa, sannan ta rotsa batirin, tana kuka tana zaginsa, ita da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba.

Bouba ya ja jiki waje yana riƙe da hannu.

"Don me kika yi haka?" in ji Saïdou, fuskarsa na cikin matashi. Muryarsa cike da murna, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. "Na ji ƙafata ta doki bango, Kaltoumi. Da kunnena na ji."

Ta durƙusa, ta rasa inda za ta taɓa a bayan nan.

Ya ja numfashi, ya ɗan ɗaga kai.

"Je ki duba tukunyarki," ya ce. "Nama na ƙonewa."