Barci a Bakin Rufi

Wani kafinta yana da ciwon da ba ya barin ƙafa ta huta. Da ya kwanta sai ya ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙwaurinsa, ba sauƙi sai ya yi shuri ko ya tashi ya yi ta zagaya ɗaki. Ko a zaune yake, ƙafar tana kaɗawa. Likita ya rubuta masa ƙwaya guda kafin kwanciya, ya ce kada a ƙara sai an dawo wurinsa.

Maganin ya yi aiki, har aka manta. Da aka kwana biyu ciwon ya dawo, tun la'asar ma yake farawa. Mai hankali asibiti zai koma. Shi kuwa sai ya mai da ƙwayar biyu, daga baya uku.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ba haka aka ce maka ba."

"Ƙafar likita ce ko tawa? In bar aikin mutane in je in yini a layi?"

"Jiya fa da loma a hannunka barci ya sace ka."

"Tunani nake yi."

"Da minshari?"

Ya saɓi jakar kayan aikinsa ya fita.

Da rana ta kai masa abinci inda yake buga kwanon wani bene. Tun daga bakin titi ta hango shi can sama, zaune a ƙarshen katako, ƙafafunsa na reto a waje. Ta ɗaga hannu za ta kira shi, sai ta fasa. Ƙafafun ba sa motsi. Ta daɗe rabonta da ganinsu haka idonsa biyu. Haɓarsa ta sauka kan ƙirji, guduma na kan cinyarsa, ƙarƙashinsa kuwa rodi ne a tsaitsaye a gindin ginin.

Ta ajiye kwanon abinci a hankali, ta lallaɓa wajen Gajere, birkilan da ke kwaɓa siminti.

Gajere ya washe baki. "A'a, matarmu, yau da mu aka dafa?"

Ta rufe bakinta da hannu, ta nuna sama. Dariyar ta ɗauke.

"Innalillahi. Bari in ƙwala masa kira."

"Kada ka soma! In ya zabura, ina zai dafa?"

Gajere ya cire takalmi don kada kwano ya yi ƙara, ya rataya igiya a wuya, ya kama tsani. Bai kai rabi ba sai ga motar tsakuwa tana shigowa da baya za ta juye. Matar ta san rugugin da tsakuwa ke yi in ta zubo. Ta ruga ta rataye a ƙofar direba.

"Kashe, don girman Allah, kashe!"

"Ke baiwar Allah, neman mutuwa kike?"

"Mijina ne a sama, barci yake."

Direba ya leƙa, ya murɗe makulli. Wurin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai kukan kwano ƙarƙashin gwiwar Gajere, yana rarrafe. Kowane ƙas sai ta ji shi a haƙoranta. Kan kafinta ya ƙara sunkuyawa, kafaɗarsa ta karkata waje. Gudumar ta zame, ta faɗo kan rodi, ƙarfe ya yi ƙara.

Ya zabura. Jikinsa ya tafi gaba, hannunsa ya cafki iska. Gajere ya yi tsalle ya damƙi bel ɗinsa ta baya, suka kife tare kan kwano, takalmin kafinta ɗaya ya biyo gudumar.

Da aka sauko da shi bai ce tunani yake yi ba. Ya zauna kan bulo, aka miƙa masa kofin ruwa.

Washegari likita ya ji labari, ya ajiye biro.

"Ƙarin da ka yi shi ya jawo ciwon ya faro da wuri, shi kuma ya kawo wannan barcin da ba ya sallama. Kada ka yanke maganin gaba ɗaya, za mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, mu auna jininka. Za ka sha wuyar kwana kafin ya daidaita. Hawa sama kuma babu, sai na ce."

Kafinta ya ce, "Rufin fa? Saura ɓangare guda."

Matar ta juyo ta harare shi.

Daga asibiti suka bi ta wurin ginin. Ya tsaya nesa da tsani, ya kira wani kafintan da suka daɗe suna gasar aiki, ya nuna masa inda ya tsaya, ya ba shi ragowar ƙusoshi.