Tabon Shayi a Ɗakin Taro

Baba Kumfa ya tsufa yana wankin kafet, kuma a iya saninsa wanki ruwa ne. A filin da ya yi shekaru yana haya, shimfiɗa kafet yake yi a kan siminti, ya sakar masa tiyo, ya barbaɗa garin sabulu, ya hau shi da buroshi har kumfa ta rufe masa idon sawu. Nan sunan ya samo asali. In ruwan da ke gangarowa bai yi baƙi ƙirin sannan ya dawo fari ba, to a wurinsa ba a yi komai ba. Da mai filin ya sayar aka gina shaguna, Baba ya koma gida ya zauna, zaman da ya fi masa ciwon gwiwa ciwo.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta ga zaman bai karɓe shi ba, ta roƙi mijinta ya riƙa fita aiki da shi. Mijin Auta shi ma wankin kafet yake yi, amma na ofisoshi, irin wanda aka manne da ƙasa daga bango zuwa bango, ba a naɗe shi balle a kai shi rana. Aiki a ƙarƙashin suruki abu ne mai nauyi, kuma su biyun sun sani. Don haka yaron bai taɓa ce masa yi kaza ba. Sai dai ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ko za mu fara da wancan ɓangaren?"

Tun ranar farko ya yi masa bayanin yadda suke yi, a hankali, idonsa a ƙasa. Da farko a bi kafet da injin zuƙar ƙura har sai ba sauran yashi. Sannan a fesa magani sama-sama kamar raɓa, a tura injin mai buroshi ya cuɗa shi cikin gashin kafet. Kafin a gama naɗe wayar injin ya bushe. In ya bushe sai maganin ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi kamar garin gishiri, kowace ƙwaya ta rungume dattin da ta tarar, daga baya a zo a zuƙe su a tafi da su.

"Abu ɗaya ne irin wannan kafet ba ya so, Baba," in ji shi. "Ruwa. In ruwa ya sauka ƙasa ba shi da hanyar fita sai ta sama."

Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji. A ransa kuwa dariya yake yi. Da ya koma gida ya ce wa Auta, "Mijinki taimama yake yi wa kafet, ga famfo a gefensa." Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya ji daɗin dariyar fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani dogon gini mai ofisoshi da mijin Auta ya daɗe yana zarya a kansa. A ƙarshe manajar ginin, wata mata mai tarin mabuɗai da ba ta da lokacin doguwar gaisuwa, ta yarda ta gwada shi da ɗaki guda, babban ɗakin taro. In ya yi mata, duk benayen nasa ne. In bai yi ba, ya san hanyar da ya shigo. Ta faɗa masa dalilin da ya sa ta sallami na baya: jiƙa mata ɗakuna suke yi, ma'aikata su wuni suna toshe hanci.

Ranar Asabar da safe suka shiga, ginin shiru sai maigadi. Suka jera kujeru a jikin bango, suka bi ɗakin layi-layi. Kafet ɗin ruwan toka ne, kuma ko Baba bai iya musu ba, ya ga launin yana tashi a bayan injin. Wuri ɗaya ne ya ƙi. A gefen teburin da ake ajiye kayan shayi akwai wani tsohon tabo kamar faɗin faranti, wanda ya dusashe amma bai tafi ba.

Mijin Auta ya tsuguna ya duba. "Wannan ya daɗe, sai a hankali. Mu bar shi ya bushe. Litinin da sassafe in mun zo zuƙa zan sake bi ta kansa, kafin su shiga taro."

Yana da wani ƙaramin aiki a wata unguwa, don haka ya kwashe injuna ya sauka da su. Ya roƙi Baba, in ba damuwa, ya mai da kujeru wurinsu ya kulle ya ba maigadi mabuɗi.

Baba ya mai da kujerun. Ya kai hannu ga ƙofa, sai ya waiwaya. Tabon na nan yana kallonsa. Shi fa a rayuwarsa bai taɓa mai da wa mutum kafet da tabo a jiki ba, kuma ba yau zai fara ba don kawai wani yaro yana tsoron ruwa. Matar nan in ta shigo, ina idonta zai fara sauka? Ya ce a ransa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiyar maganar da bai faɗa wa kansa ba ita ce, ya gaji da zama mai riƙe waya da ɗaga kujera. So yake sau ɗaya a ce aikin nan hannunsa ne ya fitar da shi.

A ɗan ɗakin da ma'aikata ke wanke kofuna ya sami bokiti da sabulun wanke-wanke mai ƙanshin lemo. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya kwarara. Da kumfa ta taso tsakanin yatsunsa sai ya ji kamar ya haɗu da tsohon aboki a hanya. Ya cuɗa, ya ƙara ruwa, ya cuɗa, ya ɗauraye. Ya shimfiɗa tsummoki ya tattaka su da ƙafa har suka daina ɗauka. Tabo ya ɓace sarai. Ya shafa saman, ɗan danshi ne kawai, abin da a filinsa rana za ta shanye kafin ya sha ruwa ya dawo. Bai tuna cewa nan babu rana ba, tagogin ba a buɗe su, na'urar sanyaya ɗaki kuma a kashe take har Litinin. Ya kulle ya sauka yana murmushi, ya ƙudura ba zai faɗa ba sai yaron ya gani da idonsa.

Ranar Litinin, tun kafin ƙofar ta gama buɗewa wari ya tare su, irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti. Mijin Auta ya kunna fitila. Ɗakin fes, gwanin sha'awa, in ban da gefen teburin shayi. Inda tabo mai faɗin faranti yake, yanzu akwai wani mai faɗin tabarma, ruwan ƙasa, da baƙin zobe a gefensa. Ruwan ya sauka har gindin kafet ya jiƙa shayin shekaru da dattin da ke kwance a can, da ya tashi bushewa sai ya jawo su sama duka, yadda lagwani ke jawo kananzir.

Yaron ya ajiye injin. Ya tsuguna ya danna tafin hannunsa, ruwa ya fito tsakanin yatsunsa. Ya kai yatsun hanci. Ya daɗe a haka bai motsa ba, kuma bai waiwayo ba. Da ya waiwayo ya dube shi, ko da harara ce, da Baba ya sami abin riƙewa. Rashin waiwayen ne ya fi yi wa Baba zafi. Ya tsaya riƙe da waya a naɗe, kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa.

Ƙarar mabuɗai ta iso kafin mai su. Manajar ta tsaya a bakin ƙofa ta kai gefen mayafinta hanci.

"Wannan ne wankin da ba ruwa?"

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Zan gyara."

"Ba gyara na tambaye ka ba. Ka zauna a ofishina ka ce min ko takarda aka ajiye a kai ba za ta jiƙe ba. Yanzu manyan gidan nan za su shigo. Wa ya yi wannan wurin?"

Baba ya buɗe baki. Allah ya sani ya buɗe. Amma yaron ya riga shi.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Hannuna ne ya yi nauyi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta faɗa masa maganganun da ba a so a faɗa wa magidanci a gaban kowa, balle a gaban uban matarsa. Ta ce duk haka suke, baki ya fi aiki. Sannan ta juyo wurin Baba, muryarta ta sauka saboda furfurarsa.

"Baba, kai da ka manyanta, ai sai ka riƙa tsawata wa yaran nan. Kana tsaye ya yi wannan ɓarnar?"

Baba ya ɗago kai. Ya dubi surukinsa, surukin ya ɗan girgiza kai, kaɗan ƙwarai, yadda shi kaɗai zai gani. Baba ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma ya san ba don yaron kawai ya yi shirun ba.

Ta sa aka mai da taron wani bene. Ta ce su gyara abin da suka ɓata su ba maigadi mabuɗi, maganar sauran benaye kuma su manta da ita.

Suka wuni a kan wannan wuri guda. Mijin Auta ya je ya aro injin tsotse ruwa da manyan fankoki. Ya tsotse, kumfar sabulu na ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba, kuma duk fitowarta sai Baba ya kau da kai. Da wurin ya bushe ya fesa maganinsa sama-sama ya tura buroshi. Zuwa la'asar tabon ya tafi, na asalin ma har da shi, amma ba wanda ya hau ya duba.

A mota Baba ya yi gyaran murya. "Ɗana, wannan abin..."

"Baba, don Allah a bar shi. Ni ne ban yi maka bayani yadda ya kamata ba."

Alhali kuwa yaron ya yi bayani. Ya yi shi tun ranar farko, dalla-dalla. Baba ya so a ce yaron ya ɗaga murya ko sau ɗaya, ya ce masa sabo turken wawa, ya ce kada ya sake biyo shi. Maimakon haka, da suka isa ƙofar gida sai ya fito ya zagayo ya buɗe masa ƙofar mota kamar kullum, ya ce a gai da mutanen gida.

Washegari da yamma Baba na zaune a tsakar gida, bai fita aiki ba, ya ce gwiwa ce. Auta ta yi sallama ta shigo da kwano a hannu, ranta a ɓace. Ta gaishe shi, ta ajiye kwanon, ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, ashe aikin ginin nan ya kuɓuce."

"Haka ne."

"Wai maganin ne ya haɗa ba daidai ba. Ni kam jiya ban raga masa ba. Na ce masa girman kai ne ya ja masa. Ga ka da wanda ya san kafet tun ba a haife ka ba, ka mai da shi mai ɗaukar kujera. Na ce da ka bar Baba ya yi wankinsa na ruwa yadda ya saba, ai da yanzu ba wannan maganar ake ba."

Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Me ya ce?"

"Me zai ce? Cewa ya yi na fi shi gaskiya. Ko abinci bai ci ba, ni ma ban ce ya ci ba."

Ta buɗe kwanon ta tura masa gabansa, tana kallonsa da irin kallon da take yi masa tun tana ƙarama, lokacin da take zama a bakin fili tana ganin babu wanda ya kai babanta iya aiki. Yana iya yin shiru. Yaron ba zai taɓa faɗa ba, ya riga ya ga haka. Baba ya mai da murfin kwanon ya rufe.

"Auta, ba magani ba ne. Ruwa ne. Bayan ya tafi ni na ɗauko bokiti na zuba, ya hana ni kuma na zuba. A gabana aka ci masa mutunci, ya ce shi ne, ni kuma na tsaya ban ce komai ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta dubi kwanon, ta dubi hannuwansa, ba ta dubi fuskarsa ba. Can ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce a hankali, "Bari in je gida, Baba."

Ya ji ta a zaure tana neman takalminta da sauri, sannan ya ji ƙofa. Bai taɓa abincin ba.