Kwalba Mai Rigar Kwando

To, ku matso ku ji labarin Zulmira, wadda ta sauko birnin Dili daga tsaunukan Maubisse cikin baƙin zane da baƙin kallabi, shigar da ba ta sauya ba tun ranar da aka binne mijinta Anacleto. Shekara ta zagayo har ta gota. Dangin miji sun ware bauna da aladu, makaɗa sun gaji da tambaya, amma baiwar Allah ta ƙi sa ranar kwance baƙi. A gidansu kuwa, in ba a cire wa mace baƙin nan ba, aka zuba wa mamaci abin sha na sallama a kabarinsa, cewa suke yana nan tsaye a bakin hanya, bai tafi ba, bai dawo ba.

Hujjarta ɗaya ce. Anacleto yana saurayi ya yi aikatau gidan limamin coci, aka taɓa sam masa giyar inabi ta Fotugal daga wata ƙatuwar kwalba mai rigar kwando, wato an saƙa mata riga irin saƙar kwando. Kurɓi ɗaya fa, amma har ya tsufa bakinsa bai huta da labarinta ba. Duk kakar kofi sai ya ce, "Bana in kasuwa ta yi kyau, zan kai ki Dili mu sha." Kasuwa ba ta taɓa yin kyan ba. Zulmira ta ce ita ce za a zuba masa, ko kuwa a bar ta da baƙinta.

Ƙanwar mijin, Ermelinda, ce ta rako ta, mace mai bakin da ba ya gajiya, wadda ke kiran ta Mana, wato Yaya.

"Mana, yau ko mu samo ko a zuba masa bammi. Da shi ya girma, bai kashe shi ba."

"Ai ga shi ya mutu."

"Surutun Fotugal ne ya kashe shi. Ɗaga ƙafa, tsohuwa!"

Suka shiga wani babban kanti mai sanyi kamar asubar garinsu. Kwalabe jere har rufi, kowace da hoton gona ko gidan sama. Zulmira ta bi su ɗai-ɗai da ido, ta ce duk tsirara suke. Haka kanti na gaba, haka na bayansa. Kuma gaskiyar magana, duk kantin da suka fito hannu wofi sai ta ji wani sauƙi a ƙirjinta, don muddin Anacleto yana bakin hanyar nan, ai bai yi mata nisa ba.

Rana ta karkata suka faɗa wani tsohon shago a unguwar Colmera, mai ƙamshin busasshen kifi da sabulu. Mai shagon, wani dattijo ɗan asalin Sin da ake kira Tiu Akiong, wato Kawu Akiong, ya saurare ta, ya yi dariya har da tari, ya kira ta Tia, wato Inna.

"Tia, waccan ai ta sojoji ce da ma'aikatan jirgin ruwa! Na daɗe da daina kawo ta. Ga ta kirki nan, ta shekara da shekaru tana kwance."

"Mijina bai iya karatu ba," in ji Zulmira. "In na kai masa wannan, ta yaya zai gane ta? Da rigarta ya san ta."

Dariyar ta tsaya. Dattijon ya shige ciki, aka ji yana ture kwalaye yana zagin ɓeraye, ya fito da kwalbar: wofi, duk ƙura, saƙar ta warware a gindi. Ya ɗauraye ta da kansa. Zulmira ta nuna kwalabe huɗu daga cikin na kirkin, ta ce a juye su a cikinta.

"A juye? Tia, iska za ta lalata ta! Kwana biyu, uku, ta zama tsami."

"Ka ji ko, Mana?" Ermelinda ta kama haɓa. "Giyar ma ba ta jira irin taki."

Zulmira ta ɗora hannunta a kan saƙar. Ta gane sarai: in an buɗe, babu sauran ɗaga rana. Can ta ce, "Juye, Tiu."

Ya zare toshiyar farko, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Ƙamshi ya taso, mai nauyi, kamar 'ya'yan kofi da suka nuna suka faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zulmira ta lumshe ido.

"Ashe mijina ba ƙarya yake ba," ta ce.

Dattijon ya tsiyaya kaɗan a kofin shayi ya miƙo mata. Ta girgiza kai. Cewa Anacleto ya yi *mu* sha. Ba za ta riga shi ba.

A motar komawa ta ƙi yarda a ɗora kwalbar a sama da kaya. Ta rungume ta a cinya, mota na hawa tana lanƙwasa, ruwan ciki na kai da komo.

"Aika a gaya wa makaɗa jibi ne," ta ce wa Ermelinda, idonta a taga. "Amma kar kowa ya ja ni rawa. Ku bar ni in zauna wurinsa har a gama."

Ermelinda ta matso kusa da ita. Sai ta sa hannu ta tallafe gindin kwalbar, wajen da saƙar ta warware.