Tsattsewar Baba Jibo

Ran Laraba ce, an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, Kamalu ya tare ni a ƙofar gidansu.

"Muhsin, katin kyamarar tsoho yana wurinka? Kawo in kai Magaria a wanke masa hotunan."

Na ba shi har ina godiya. Ya tambaye ni inda muke ɗauka, wai za a rubuta a bayan hoto. Na kwatanta masa.

Baba Jibo mahaifinsa ne, maƙwabcinmu a Bande. Shekara talatin yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, har salula ta kashe sana'ar, ya koma bin tsattsewa. Ni tun da na bar karatun lakwal ba aikin da na riƙe wata uku, amma damina biyu ina kai shi a moto, babur ɗina, wani tafki mai ciyawar kacalla a bayan gari.

"Ba a bin ta da kyamara, sarkin gaggawa," yakan ce. "Saita inda za ta tsoma baki, ka danna kafin ta iso."

A ɗari da ƙyar mu sami ɗaya. Sau ɗaya ya ce kada in faɗa wa kowa wurin, don jan-baki masu cin gero su ma a kacallar suke kwana, mai feshi kuwa ba ya tambayar sunan tsuntsu.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙa: ya ga hoton nan a takarda, na tsattsewar da muka kama fukafukanta a buɗe, bakinta na taɓa ruwa.

Ran Asabar na je tafkin. Wari ya fara tarbe ni. Sawun mota a laka, kacalla shiru, tsuntsaye zube kamar an kakkaɓe kanya.

Na sami Kamalu a gona.

"Ina hotunan?"

"Masu feshi sun ce sai da shaida za su fito. Na nuna musu." Bai ko ɗago ba. "Gero za mu ci ko hoto? Dubi zangarniyar nan, rabi ƙaiƙayi."

"To katin fa?"

"Yana can wurinsu. Ko ya faɗi, ban sani ba."

"Da ka ce min abin da za ka yi."

"Da ka ba ni?"

Da na biya gidansu, Goggo Yakura, matar Baba, ta ce in shiga, tun safe yake cigiyata. Ya rame, amma idonsa na nan.

"Ka je? Suna nan?"

"Suna nan, Baba."

"Kamalu fa?"

"Injin wanki ne ya lalace. Sai jibi."

Ya daɗe yana duban takalmina. Gashin tsuntsu ne manne a lakar.

"Jibi," ya ce, ya juya wajen bango.

Ya cika ran Litinin bayan azahar. Ni da Kamalu muka kama gaban makara, kafaɗa da kafaɗa, ba mu dubi juna ba. Geron Kamalu ya yi kyau a shekarar.

Gawar tsattsewa sittin da uku na ƙirga a bakin tafkin ran Asabar ɗin kafin in bari. Hoto dubu da ɗari biyu a katin, masu kyau goma sha ɗaya. Wanda ya rage guda ne, tsohon hoto, a bangon ɗakinsa: ruwa, sararin sama, da bakin fiffike a gefe yana fita.